Baƙin Dutsen da Aka Kawo Maƙerata

A shekarun da ake ɗiban mutane ana kai su haƙar kuza Jos, lokacin yaƙin Turawa, ina ƙira a Kudan, a maƙerar da mahaifina ya bar mini. Ban daɗe da yin aure ba, kuma kullum cikin fargaba nake kada sunana ya fito cikin waɗanda za a ɗiba.

Wata rana bayan azahar, ana tsakiyar yankan dawa, muka ji ƙara daga gabas kamar aradu, alhali babu ko ɗigon gajimare a sama. Awaki suka watse, mata suka fito ƙofar gida suna salati. Wasu suka ce igwa ce, wasu suka ce jirgin yaƙi ne ya faɗo.

Bayan kwana uku sai ga wani tsohon Bafulatani da na saba yi wa gatari. Ko gaisawa ba mu gama ba ya zaro wani abu daga cikin rigarsa, a naɗe da fata. Dutse ne baƙi ƙirin, bai fi dunƙulen hannu biyu ba, jikinsa duk lotse-lotse kamar an danna yatsa a curin fura. Da na karɓa sai da hannuna ya yi ƙasa don nauyi.

"Baffa, ina ka samo wannan?"

"Daga sama ya faɗo, gaban shanuna, wajen Malikanchi. Da idona na ga ƙasa ta yi tsalle. Sai da na tona kamu ɗaya kafin na same shi."

Ya ce Baturen mulki ya ji labari, ya aiko a nemo masa abin da ya faɗo, dogaran hakimi suna bin rugage suna tambaya. Tsoron Fulani shi ne in Bature ya ga ƙarfe ne, zai ce akwai arziki a ƙasar, a kafa turaku, a kori shanu, a tara mutane haƙa.

"Kai maƙeri ne," in ji shi. "Ka narka shi, ya zama fartanya, kowa ya huta."

Bai rufe baki ba muka ji takun doki. Na wurga dutsen cikin tarin tama, duwatsun da ake narkawa a fitar da ƙarfe, da ke gefen wuta, na ɗauki masaba kamar ina aiki. Dogari ya yi sallama ya sunkuyo ya shigo, dogo, da sanda a hannu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Ya juya ga tsohon.

"Baffa, an ce wajen rugarku abin ya faɗo."

"Ƙarar dai mun ji ta, Yallaɓai."

Dogarin ya zagaya maƙerar a hankali, yana taɓa wannan yana taɓa wancan, har ya tsaya kan tarin tama. Ya sa sanda yana tonawa. Tama ja ce, dutsen nan baƙi, ko makaho zai bambance. Ya duƙa ya ɗauko shi.

"Maƙeri, wannan fa?"

Ban so in yi ƙarya, ban kuma so ya ce in rantse. Na ce, "Ƙarfe ne da ban riga na sa a wuta ba."

Ya daɗe yana jinjina shi a tafin hannu. Can sai dogarin ya ce, a hankali, kamar da dutsen yake magana, "Watan jiya aka tafi da wana Jos. Har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba."

Ya mayar da dutsen cikin tama, ya tura wasu a kai da ƙafa.

"Ka sa shi a wuta da wuri. Ni ban ga komai a nan ba."

Ya hau doki ya tafi.

Ban sa dutsen a wuta ba. Na ɗauko awartaki har sau biyu, zuciyata ta ƙi. Na dai sa magagari na goge gefe ɗaya, sai ga ƙarfe fari yana walƙiya a ciki, irin wanda ban taɓa gani ba. Na faɗa wa tsohon gaskiya cewa na ajiye, ya yi fushi, ya shekara bai zo maƙerata ba. Matata kuma ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da abin da ya faɗo daga sama ba, don haka na binne shi ƙarƙashin rumbu har aka gama yaƙi.

Daga nan na fara tambayar makiyaya da manoma a kasuwar Makarfi da ta Ikara, ko wani ya tsinci baƙin dutse mai nauyi. An kawo mini da yawa, akasari tama ce ko kashin ƙarfe na tsofaffin matoya, inda ake narka tama a da. Cikin shekarun nan duka, uku kaɗai na samu da na yarda da su. Suna cikin wata tukunya a ɗakina, kuma duk wanda ya zo gani sai na ce ya fara ɗagawa ya ji nauyi.