Malam Muntaka, Wa Zai Auna Mana Farin Gari?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga Maris 1979, ina cikin dakan yaji mai gidana Halliru ya dawo daga mahauta tun lokacin tashinsa bai yi ba. Ya tsaya a ƙofar madafa ya ce motar da ta ɗauko Malam Muntaka daga garin Poli ta kife, bai kai asibiti da rai ba. Taɓarya ta suɓuce daga hannuna. Tun ranar kuma ban sake zuba komai a tukunya da kwanciyar rai ba.

Malam, ni ce Hawa'u ta unguwar Pumpumre a nan Garwa, uwar Yelwa. Da girmana na koyi rubutu, sai a yi haƙuri da hannuna.

Wanda bai san ka ba zai ce ma'aikacin labo ne kawai, ɗakin nan na kwalabe inda ake gwada jini da abinci. Ni a wurina kai ne mutumin da ya hana ni kashe 'yata da hannuna ban sani ba.

Ni nake haɗa yajin da Halliru ke tsire da shi. A shekarar da abin ya faru, farin magi ya cika kasuwa, ana aunawa da murfin kwalba a ƙulle a takarda, babu suna babu komai. Kowace matar mahauci da shi take haɗi. Yelwa tana ƙarama, aikinta ke nan zama gindin turmi tana lasar yatsa. Wata safiya na buɗe sabon ƙulli na zuba, ta lasa son ranta. Kafin azahar tana amai, numfashi sama-sama, leɓunanta sun koma shuɗi kamar an tsoma a baba. Maƙwabta suka ce iska ce. Na goya ta na ruga asibiti, ko takalmi babu.

A can muka haɗu, ka zo ɗibar jininta. Ka dubi jinin a kwalba, ya yi duhu, na ga fuskarka ta canza. Ka tambaye ni me ta ci. Na ce yaji kawai. Na ƙara da cewa ƙanwata na gida tana shirya mata farfesu, na ce ta sa magi da yawa ko yarinyar ta ci.

"Uwar Yelwa, aika gida yanzun nan," ka ce. "Kada a sa mata komai. A kawo mini ƙullin."

Washegari ka kira ni labo, don ka ce idan ban gani da idona ba zan koma in saya. Ka ce abin da ke sa miya daɗi sunansa gulutamat, kuma shi ba baƙo ba ne: yana cikin daddawa, yana cikin tumatir, har cikin nonon da na shayar da Yelwa. Ka narka garina a ruwa, ka narka na gaskiya da kake ajiye da shi. Ka ɗiga kowanne a gindin wata farar takarda, ka jingina ta cikin tulun gilashi mai wari, ruwa yana hawa a hankali. Ina zaune a benci ina kallo. Da takardar ta bushe ka fesa mata magani, ka gasa ta kaɗan. Saman ɗigon na gaskiya tabo ya fito jawur kamar zoɓo ya zuba. Saman nawa, sai na matso da ido sannan na ga alama.

"Yawan duhun tabo, yawan gulutamat," ka ce. "Naki ɗan kaɗan aka yayyafa don baki ya ruɗu. Sauran fa, mene ne?"

Ka aika ragowar garin zuwa birnin Yawunde. Amsa ta dawo cewa takin zamani ne na gonar auduga, wani marar tsoron Allah ya niƙa ya haɗa. Shi aka kusa zuba wa yarinyata a farfesu, da umarnina.

Yelwa ta tashi. Da na kawo maka kilishi na godiya, ka yi dariya ka ce, "Sai na auna shi tukun, matar mahauci!" Ka ci, ka raba wa abokan aiki. Daga nan matan mahauta suka san hanyar labo. Duk sabon gari sai mun kai maka, ba ka taɓa cewa kana da aiki ba, ko da ɗan tsaki. Kai ne kuma ka haɗa ni da matarka Karimatu, wadda ta yi karatu a Yola, ta koya mini baƙi don in iya duba abin da aka rubuta a jikin ƙunshi.

Malam, ina jin tsoro. An ce wanda zai maye gurbinka zai zo daga kudu, ba a san yaushe ba. Jiya Maimuna maƙwabciyata ta shigo da wani sabon ƙulli, fari tas, ta ce an fara sayarwa a bakin kasuwa. Muka zauna muna kallon sa. Na shinshina, na murza a yatsa, ban gane komai ba. Yelwa ta ce, "Inna, mu kai wa Baba mai takarda mana." Na ɗauka na juye a masai, don idan na zuba a shara kaji ko yara za su tsinta. Amma ƙulli ɗaya na zubar, kasuwa kuwa cike take, kuma kowane gida akwai yaro a gindin turmi.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane ɗigo da ka auna dominmu ya yi nauyi a mizaninka. Karimatu, da 'ya'yanku Ishaku da Ummuhani, Allah Ya ba ku haƙurin abin da Ya ɗauka, ku sani ba ku kaɗai aka yi wa rashi ba. Mata 'yan'uwana, ina roƙon ku, mu koma ga daddawa har a buɗe ɗakin nan. Ya Allah, Ka kawo mai zama a kujerarsa kafin leɓen wani yaro ya yi shuɗi. Amin.