Saniyar Madame Odile

Aminatou 'yar Tahoua ce, cikin garken shanun mahaifinta ta tashi. Yanzu tana ƙasar waje, a unguwar Harlem, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara uku ke nan tana zuwa wurin Madame Odile, wata tsohuwar Bafaranshiya mai shekara casa'in da ɗaya wadda idonta ya yi rauni. Ta yi mata wanka, ta dafa mata abinci, bayan azahar kuma ta karanta mata littafi da Faransanci.

Madame ba ta son komai sai littattafan zamanin da Jamus ta mamaye Turai. Aminatou ta karanta mata sun fi talatin, kuma babu wanda ya tsira daga bakin tsohuwar. A cewarta, kowane hafsan Jamus na cikin littafi sai ya iya kaɗa fiyano, kowace budurwa sai ta ɓoye wasiƙa a cikin burodi, kuma mutum zai yi wata shida yana ɓuya a rufin ɗaki, marubucin bai taɓa faɗin inda yake zagayawa ba.

Wata rana Madame ta sa ta ɗauko wani siririn littafi a ƙasan kantar littattafai. Madame ce ta rubuta shi, labarin yarintarta. A babi na huɗu, mahaifinta ya ɓoye saniya shekara biyu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa don kada sojoji su ƙwace, alhali sojojin suna zaune a gidan maƙwabta.

Aminatou ta rufe littafin. "Madame, saniyar nan bebiya ce?"

"Me kike nufi?"

"Shekara biyu ba ta yi kuka ba? Kashin fa, ina kuka kai shi? Kuma ta matakala ta sauka? Ni na san saniya. Ko maza shida sai sun yi gumi."

Madame ta ce, "Wataƙila akuya ce."

"Akuya! Ai gara saniyar. Akuya har Berlin za a ji ta."

Kwana biyu Madame ba ta ce mata komai ba sai "ruwa" da "rufe taga". Aminatou ta damu ƙwarai, har ta fara shirya yadda za ta ba da haƙuri. Rana ta uku tana taje mata gashi, sai tsohuwar ta ce, "Zomo ne. Mai buga littafin ne ya ce babu wanda zai zubar da hawaye saboda zomo."

"To me ya faru da zomon?"

"Ranar da soja ya shigo bincike na cusa shi a cikin rigata. Zomon ya tsula mini fitsari har ƙasa. Sojan ya ɗauka ni ce na saki don tsoro. Kunya ta kama shi, ya fita bai duba komai ba."

Aminatou ta yi dariya har matajin ya faɗi. "Wallahi Madame, wannan ne labarin, kika bari aka sa miki saniya!"

Suka sake rubuta babin, Madame tana faɗa, Aminatou tana rubutawa. Aka karanta shi a cibiyar tsofaffi ta unguwa, aka yi tafi. Tun daga nan tsofaffin suke kawo wa Aminatou rubuce-rubucensu ta duba musu dabbobi. Wani dattijo ɗan Poland ya kawo shafi ɗari uku, ta mayar masa da layi ɗaya: dokinsa ya yi gudun kwana uku bai sha ruwa ba. Har yau in sun haɗu a bas ba ya gaishe ta.