Bijimin Baba Mani

Har na ajiye aikin inshora, ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni Sabiyal ba, gab da faɗuwar damina. Lokacin ni ne jami'in duba ɓarna na kamfaninmu a Jega, Aliero da Maiyama ma a hannuna suke.

Ku sababbin shiga wannan aiki, ku riƙe wannan. Gwamnati ce ta wajabta wa kowane mai mota ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna, ita ce kuma mai sa ido. Amma kamfanoni masu zaman kansu ke sayarwa, su ke biya. Wanda yake son a gyara masa tasa motar ma, sai ya yanki babba, wannan ganin damarsa ne. Direbobinmu kuwa, a wurinsu takardar nuna wa 'yan sanda ce kawai.

Wani direban motar albasa mai suna Sahabi ne ya banke bijimin huɗa na wani dattijo, Baba Mani, sai da aka yanka bijimin. Bijimai biyu gare shi, ɗaya shi kaɗai kuwa ba ya jan garma. In ruwa ya sauka a haka, noman bana ya wuce shi. Da ya ga Sahabi durƙushe yana ba da haƙuri, tausayi ya kama shi, ya ce a gaban jama'a ya yafe.

Mai motar ya sanar da mu. Na duba, takardar inshorarsu ta gaske ce, ba jabu ba, na ce wa dattijo za a biya shi.

"Ɗana, na riga na yahe," in ji shi. "Gaban mutane na hwaɗi. So kake a ce Mani ya lashe amanshi?"

Na buga wa manajanmu waya, ya ce tunda mai abu ya yafe, in rufe maganar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ranka ya daɗe, in mun rufe, gobe da wane baki zan ce wa direba ya yanki ta gaske?" Ya ce to, in gwada.

Na koma na zauna kusa da dattijon. "Baba, wa ka yahe ma?"

"Yaron."

"To yahiyarka na nan, ba mai taɓa aljihun Sahabi. Mu munka amshi kuɗɗin mai mota bisa alkawalin rana irin wagga. Ko mu ma ka yahe muna?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ku? A ina ma na san ku?"

Jama'a suka fashe da dariya, ya dangwala hannu a takardar karɓar diyya. An biya shi da wuri, ya sayi wani bijimin, ya yi huɗarsa tare da kowa.

Daga ranar na san mutanenmu sun gwammace su kwana da yunwa da su janye maganar da suka faɗa a gaban jama'a. Saboda haka kada ku taɓa neman mutum ya tashi daga kan maganarsa. Ku bar masa ita, ku kai masa haƙƙinsa.