Kwanon dambu daga Akokan

Shekarar da aka rufe ramin uranium na Akokan aka kawo mini baƙuwa. Ɗalibar jami'a ce daga Yamai, an turo ta sitaj a buro, wato ofishin taimakon jama'a nan Arlit, ta koyi aiki da iyalai. Madam ɗin buron ƙawar ƙanwata ce, ta san ɗakin ɗana ba kowa. Na ce bismilla, da ma abokin hira nake nema.

Cikin gidajen da aka ba ta akwai na wata mata a Akokan. Miji ya tafi arewa neman aiki, shiru, ga yara. Baƙuwar tawa, da na ɗauka kamar ɗiyata, ta sha zarya kafin matar nan ta fara gaya mata abin da ke cikinta.

Wata Juma'a sai ga kwanon dambu an aiko daga can, har da man gyaɗa a kai. Yarinya ta tsaya kansa kamar ta ga kunama.

"Inna, an hana mu. Jami'a da buro sun yi yarjejeniya, ba mu karɓa, ba mu bayarwa. In na ci, sitaj ɗina ya lalace."

"To, mayar mata."

"In na mayar, ba ta ƙara kallona."

Da gaskiyarta. Mace ta tsakura daga hatsin 'ya'yanta, ki mayar mata da abinta? Kuma kwano ba ya komawa wayam, ba a yi.

Ta kira madam, madam ta haɗa da malaminsu na Yamai. Faransanci na tashi a waya, dambu na hucewa. Can malamin ya juya Hausa, irin ta Zabarmawa.

"Kwanon, gidan wa ya zo?"

"Gidan Inna."

"To, Inna ma sitaj yake yi?"

Madam ta fashe da dariya. Aka tsaya a kan haka: ni zan ci, ni zan rama, ita ko loma ba za ta taɓa ba.

Na ci a gabanta, tana haɗiyar yawu. "Inna, ko tausayi babu?"

Washegari na cika kwanon da shinkafa da wake, na yafa mayafi, ni da ban cika fita ba, na hau kabu-kabu zuwa Akokan. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta leƙa bayana.

"Ina ɗiyar taki? Ki ce ta zo gobe. Akwai maganar babban yarona da ban gaya mata ba."