Ranar da Na Kai Mahaifina Fatsa da Farar Jallabiya

Shekarun baya, mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na dama ya daina aiki. Da aka sallamo shi daga asibiti bakinsa ya warware sarai, amma ya ƙi magana. Mutumin da in yana faɗa a shagonsa na unguwar Mansur a Makka ake jiyo shi daga bakin titi, sai ga shi ya koma "to" da "alhamdu lillahi". A ba shi abinci, to. A juya shi, to. Wannan shirun ya fi ciwon tayar mana da hankali. Mahaifiyata ta taɓa zabga masa gishiri a miya da gangan don ya yi mata faɗa. Ya shanye bai ce uffan ba, ta koma kicin tana kuka.

Shi mutumin bakin Tafkin Chadi ne, masunci ɗan masunci, kafin ya biyo ta Sudan ya zo Makka yana saurayi, ya zauna sayar da busasshen kifi da kuka da daddawa. Ni kuwa a nan aka haife ni, ruwan da na sani bai wuce na famfo da Zamzam ba. Tun muna yara yake ba mu labarin wani farin kifi na tafki mai sheƙi, wanda ya ce na tekun Jidda ko kusa bai kama ƙafarsa ba. Mukan ce "na'am" mu ci gaba da cin na Jidda.

Cikin bazarar shekarar, wani abokina da muke tuƙin bas tare a unguwar Aziziyya ya ce mini akwai wani dam a cikin duwatsu, can gaba da Ɗa'ifa, ruwan daɗi ne, har ya ga ana kamun kifi. Na ce wa mahaifina zan kai shi. Ya ce, "To."

Na yi shiri irin na ɗan birni. Na sayi doguwar sandar fatsa irin wadda ake jefawa a teku, na zuba jatan lande a kula da ƙanƙara. Tun da kuma fita zan yi da mahaifina, na sa sabuwar farar jallabiya na fesa turare, kamar mai zuwa Juma'a. Bayan sallar asuba muka kama hanya, ba mu isa ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Na tura shi a kekensa na marasa lafiya har gindin wani ƙaton dutse mai inuwa, ni kuma na tsaya ƙerere a bakin ruwa cikin rana. Na wurga fatsa iya ƙarfina, na naɗo, na sake wurgawa. Sau ɗaya ta maƙale a ciyawa, sau ɗaya a wuyan rigata. Na fi awa guda ina wannan wahala, ko ɗan tsako bai taɓa ba. Zuciyata ta karye. Na ce a raina na wahalar da tsoho a banza, gara mu koma.

Sai na ji daga bayana: "Kai! Wa ya koya maka wannan haukan?"

Na waiwaya. Idanunsa a buɗe, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Baba, ni?"

"Da wa nake? Ka tsaya wa kifi a ka da farar riga kamar fitila, inuwarka shimfiɗe a kan ruwa. An ce maka makaho ne? Zauna ƙasa!"

Na zauna daɓas. Ya sa na ɗauko tsohon bargon da ke bayan mota na lulluɓa, a cikin wannan zafin. Ya sa na cuɗe hannuna da taɓo, wai ƙamshin turarena ya isa ya kori kifin dam ɗin gaba ɗaya. Da ya leƙa kula ya ga jatan lande, sai ya ja tsaki.

"Kifin nan ya taɓa zuwa Jidda ne da zai san wannan? Miƙo tamis."

Burodin karin kumallonmu ke nan. Na jiƙa shi na murza yadda ya ce, ƙanana kamar ƙwayar wake. Ya sa na kwance zaren daga sandar, na ɗaura masa tsakuwa, na zura shi a hankali a jikin dutsen, inda ruwan ya yi duhu. Yana ƙirga zurfin gaba-gaba: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Kalas, tsaya nan. Lokacin zafi kifi ƙasa yake sauka neman sanyi, ya waladi. Kai ka taɓa ganin ɗan Makka yana yawo da azahar?"

Ya ce in naɗa masa zaren a yatsansa na hagu, ni in riƙe daga gaba in jira umarni. Muka zauna jira. Gumi yana bin bayana a cikin bargo, amma ko motsi ban yi ba. Ina kallon fuskarsa: ya lumshe ido, ya karkatar da kai kamar mai sauraren kiran salla daga nesa.

"Ja! A hankali, wawa, za ka yaga masa baki!"

Abin da ya fito bai wuce tafin hannu ba. Na ɗora masa a cinya yana ɓal-ɓal. Ya danne shi da hannun hagu, ya ɗaga ya shinshina, ya daɗe bai sauke ba.

"Karfasa ce," in ji shi. "Ba farin nan na tafki ba ne. Amma warin ruwan daidai yake." Ya goge ido da kafaɗa, ya harare ni. "Me kake kallo? Sa wani."

Huɗu muka kama. A hanyar dawowa bai bar ni na huta ba: tuƙina, ɗaurin ƙugiyata, har yadda aka jera kaya a shago tun da ya kwanta, wanda ashe duk yana lura. Muna isa gida yana yi mini faɗan yadda nake sauke keke, mahaifiyata ta fito da gudu ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a ƙirji.

"Me ka yi masa?"

Na ce, "Shirme na yi ta yi, Umma."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Gobe ma ka ƙara."

Daga baya na gane laifinmu. Mun kewaye shi da kulawa, muna yi masa komai, amma wata da watanni babu wanda ya nemi komai a wurinsa. Ban yi dabara ba, rashin iyawata ce ta gaske ta tashe shi, kuma ban taɓa jin daɗin zama wawa kamar ranar ba.

Ya ƙara shekara uku tare da mu, yana faɗansa son ransa, kafin Allah ya karɓi abinsa. Ina kewarsa ƙwarai. Har yau in na tafka wani shirmen a gida, nakan ɗan dakata ina jiran muryar.