Shanya da Jiƙa, Sunayen da Malam Habu Ya Raɗa

Ka taɓa ƙyashin mutum don ya fi ka, sai a ce maka ya rasu tun ba ka kamo ƙafarsa ba? Ina shataletalen Bata ina jiran adaidaita aka bugo mini: Malam Habu ya cika a gidansa na Kwaciri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tare muke rubuta manhajar 'yan kasuwa a ofishinmu na Sabon Gari. Ni a waya na koyi aikin, ba wanda ya zaunar da ni. Manhajar tana nawa, don duk abin da aka nema sai ta koma rumbun bayanai ta ɗauko. Muka so mu riƙa ajiye layukan bayanan da ta ɗauko a kusa. Amma kowane layi yana fitowa ne riƙe da igiyar da ta haɗa shi da rumbun, ba ya ajiyuwa. Na sha fama har na zagi kwamfuta.

Malam Habu ya leƙo, ya ce, "Sadi, ɗanyar kuɓewa kake son adanawa. Cire mata ruwa."

Ya yanke igiyar, ya mayar da layin zallar rubutu, ya raɗa wa wannan aiki suna shanya. Wanda ke maido masa da igiyar in an buƙace shi kuma, jiƙa. Kafin la'asar ya gama. Ban ci abinci ba ranar, don haushi. Yakan ce, "In an canja abu a rumbu, ku zubar da busasshen, kar ku ba ɗan kasuwa tsohon farashi."

Nura, abokin aikinmu, shi ya samu kujerar gefensa. Shi ake yi wa bayani a natse, shi ake yagar wa gurasa. Ni daga nesa nake tsinta, har gobe kuma abin yana cina.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya da yara juriyar rashi.

Jiya na buɗe aikin, babu shanya, babu jiƙa. Nura ya musanya su da sunayen Turanci, wai baƙi ba za su gane ba. Ko sadakar bakwai ba a yi ba. Kai da aka ba komai, Nura, wa ya ba ka izini? Kar ka biyo ni ta waya. Ka amsa a nan ƙarƙashin wannan rubutu, gaban waɗanda suka sallace shi.