Ranar da Gergina Ta Sanar da Mutuwarta

Ni Dochka, ƙofata da ta Gergina suna kallon juna a hawa na uku tun ba mu yi furfura ba, don haka kada wani ya ce zai ba ni labarinta. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta garinmu Ruse, tana can sama tana zagin maza suna cewa ta yi haƙuri. Sai ciwon laka ya zaunar da ita a keken guragu. Bakin nan dai bai zauna ba.

Benenmu yana da lif, amma wanda ya zana ginin, Allah ya isa, ya sa 'yan matakalai tsakanin ƙofar waje da lif ɗin. Da mijinta Yordan yana raye shi yake sungumarta ya sauke. Da ya rasu, fita ta ƙare. Abin da ta roƙa bai taka kara ya karya ba: a zuba mata gangare na siminti daga gefen ƙofa, ta riƙa fita da kanta ba sai ta jira ƙartin maƙwabta ba.

Amma gefen ƙofar nan Kawu Stamen ya shuka furanninsa, kuma shi ne shugaban mazauna benen. A taronmu ya karkata hula ya ce, "Wai ina ma za ta? Wadda ta gama da duniya ai sai ta zauna ta huta." Mutane suka sunkuyar da kai, magana ta mutu. Na hau sama ina huci na kwashe duka na faɗa mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na gama da duniya ko? To, Dochka, ai bai kamata a ɓoye wa jama'a ba. Yaushe ne bikin 'yarsa?"

A nan garin in mutum ya mutu, takarda ake bugawa da hotonsa a manna a ƙofar gida da jikin bishiyoyi. Kuma babu mai yage ta sai dangin mamacin. Ko ɗan giya ba ya taɓawa.

Ranar bikin na sauka da sassafe da kwanon gam da takardun mutuwar da Gergina ta sa aka buga mata. Ƙofar waje, jikin lif, bishiyar ƙofar gida, har sandar fitila, ko'ina Gergina ce tana murmushi, an kewaye hoton da baƙin layi. A ƙasan hoton an rubuta: "An binne ta da ranta a hawa na uku. Mai jimami: Stamen." Wallahi ina mannawa ina jin sanyi a raina.

Can da hantsi dangin ango suka iso ɗaukar amarya, da ganga da sarewa da kwalaben giyar nan tamu rakiya. Uwar ango, wata dattijuwar ƙauye mai suna Velika, ita ce a gaba. Tana ganin ƙofa ta ja birki, ta ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak.

"Gawa a gida, ku kuna biki? Ba za a fito mini da suruka ta ƙofar makoki ba!"

Stamen ya fito da furen biki a ƙirji, ya karanta, fuskarsa ta yi jawur kamar tumatir. Ya kai hannu zai yage, Velika ta buge hannun. "Kai, ba ka da tsoron Allah? 'Yar'uwarka ce?"

Haka suka ɗunguma sama yin ta'aziyya. Na buɗe musu ƙofa. Ga Gergina ta ci kwalliya, ta sha jan baki, da kwanon dafaffiyar alkama a cinya, irin wadda ake rabawa don mamaci.

"Ku shigo, ku ci sadakata," in ji ta.

Wata ta kurma ihu. Stamen ya ce, "Gergina, ke mahaukaciya ce? Yau bikin 'yata!"

"Kawu Stamen, da wa kake? Matattu ba sa ji."

Velika ta ja kujera ta zauna, ta ce a ba ta labari. Na ba ta, ban rage ko wasali ba. Ta juya ta dubi Stamen sama da ƙasa. "Ashe gidan da muka zo neman iri ke nan."

Murya ƙasa-ƙasa Stamen ya ce, "Don Allah, maƙwabciya, ki sa a cire takardar. Yarinyar tana can tana kuka."

Amaryar ta ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba. Ubanta kuwa ko ƙwayar zarra.

Gergina ta ce, "Ba ni da dangi sai ni. Hannuna ne kaɗai zai cire ta, kuma ga ta can a waje. Sai ka san yadda zan isa."

"Sai mu ɗauke ki!"

"Wanda ya taɓa keken nan sai na karya masa yatsu. Ni buhun dankali ce?"

Samarin ango suka karɓo dogayen katakai wurin masu gini a bayan layi. Ba su sami inda za su jingina su ba sai ta gefen ƙofa, a kan furannin nan. Stamen da kansa ya riƙe ƙarshen katako, cikin kwat ɗin biki, takalminsa na nutsewa a taɓo. Gergina ta fito daga lif, ta kama ƙafafun kekenta, ta gangaro a hankali ba wanda ya taɓa ta. Da ta isa ƙasa ta ɗaga kai tana shaƙar iska, ta daɗe a haka. Ni ce na yi kukan.

Sannan ta miƙa hannu ta ɓare takardar ƙofa, ta ninke, ta soka wa Stamen a aljihu. Mai ganga ya ɗaga sanda. Stamen ya sauke ajiyar zuciya ya ce wa samarin su mayar da katakan mutane.

"Mayar da su," in ji Gergina. "Amma ka nemo siminti da wuri, Kawu. Takardun sadakar arba'in ɗina tuni an buga su, kuma hotonka ne a kusa da nawa."